Shekarar da Aka Ƙwace Mini Taɓarya

Ummi, ke nake rubuta wa wannan babin, ko da yake 'yan biyu ma za su karanta in sun yi hankali. Na san an saba sai mutum ya yi furfura yake zama ya ba da tarihinsa. Ni kam ba zan iya jira ba, abin cina yake yi a ciki. Kuma na ji irin maganar da aka fara jefa miki a gidan suna, wai uwarki ce ta yi wa Gwaggo Talatu rashin kunya, wai ni ce na koya wa matan unguwa barcin rana. To duka biyun an yi. Amma gara ki ji daga bakina yadda aka yi. In kin ga wani harafi ya karkace ki yi haƙuri, a wayar babanku na koyi rubutun boko, ina kwaikwayon saƙonnin da ake turo masa, babu wanda ya taɓa riƙe mini hannu.

Ba ki cika shekara biyu ba na haifi Hassan da Usaini. Mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ta rasu tun kafin a kawo ni nan gefen Fammar daga Yalwa, saboda haka babu gidan da zan je wanka. Iya, kakarku ta wajen uba, ita ta yi mini komai na jego, kuma wallahi ta yi, ba zan ci amanarta ba. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama in an samu. Sai dai ranar da aka yi arba'in kowa ya watse, aka bar ni da ku uku, ga damina ta faɗi. Babanku tun da sassafe yana gona. Ni ce surfe, ni ce jan ruwa, ni ce abincin da za a kai gona, ni ce wankin tsummokara da ba sa ƙarewa. In na kwantar da Hassan sai Usaini ya ɗauka, kamar sun yi shawara. Ke kuma lokacin kin koyi gudu, ba ki koyi tsayawa ba. Kowa ya shigo ya ce ina gajiya, in washe baki in ce ba gajiya, don wace ce za ta ce ta gaji da kyautar Allah, har biyu a lokaci guda? Na kai matsayin da nake zuba gishiri sau biyu a miya, in saka miki riga a bai-bai, wata rana na tsinci kaina ina jijjiga buhun gero a baya ina ce masa yi shiru.

Ranar da na kai 'yan biyu rigakafi Kibiya, malamar asibitin ta gama da su sai ta ɗaga mini fatar ido ta duba.

"Maman 'yan biyu, yaushe rabonki da barcin awa uku a jere?"

Na yi dariya, na zaci wasa take.

"Ba magani kike buƙata ba," in ji ta. "Hutu za ki samu."

"Malama, a wane layi ake bayarwa in je in bi?"

Ita ma ta yi dariya. Ta ce a birni akwai gidajen raino, inda mata masu zuwa aiki suke ajiye yara da safe su ɗauka da yamma. Da na dawo na laluba a wayar babanku, na gansu kuwa, da kujeru ja da shuɗi da lilo. Na kalli hoton, na kalli dangar karanmu, na ajiye wayar. Wannan ba namu ba ne.

Abin ya faru ne wata ranar Litinin da hantsi. Ina surfen gero, 'yan biyu sun yi sa'a sun yi barci tare, ke kina wasa da marfin kwano a kusa da ni. Na ce bari in ɗan zauna in jingina da turmin nan, hannuna ya huta. Ban san an yi ba. Sallama ce ta tashe ni, na buɗe ido na ga wata Bafulatana doguwa a tsakar gida, ƙwaryar nono a ka, ke a saɓe a kafaɗarta, takalminki ƙafa ɗaya. Adda Mairo ke nan, daga rugar bayan dutse, ranar na fara saninta. Iya tana tsaye a bakin ɗakinta da carbi a hannu.

"'Yar nan ta gidan nan ce?" in ji Adda Mairo. "A burtali na tsince ta, tsakiyar shanu, tana bin ɗan maraƙi tana ce masa zo."

Da Iya ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta karɓe ki, ta duba ƙafafunki, ta yi wa Adda Mairo godiya, ta shige ɗaki. Bayan kwana uku ta shirya ta tafi Rano. Da ta dawo ta kira ni da babanku, muka durƙusa a gabanta.

"Na yi magana da Talatu," in ji ta. "Da an cire amfanin gona za ta zo ta ɗauki Ummi. Biyu sun ishe ki, yarinya. Ba don ƙi ba ne, don sauƙinki ne."

Kin san Gwaggonku Talatu, yayar babanku, ni Yaya nake ce mata. Shekara ashirin tana aure a Rano Allah bai ba ta haihuwa ba. Mace ce mai kirki, kada ki taɓa yarda wani ya ce miki ba haka ba. Kuma a wajenmu in uwa ta gaji, maganin da aka sani ke nan, a rage mata ɗa, a bai wa wata riƙo. Babu wanda ya san wani magani. Sannan ga babbar matsalar: ke 'yar fari ce. A gaban Iya ko sunanki ba na kamawa, sai in ce yarinyar nan. Ko faɗuwa kika yi a gaban mutane sai in kau da kai in bar wata ta ɗaga ki, haka aka koya mana, ita ce kunya. To uwar da ba ta isa ta ɗaga 'yarta daga ƙasa ba, da wane baki za ta ce kada a tafi da ita? Na sunkuyar da kai na faɗi abin da ake faɗa.

"Ai taku ce, Iya."

Da muka koma ɗaki na saka wa babanku kuka. Shi mutum ne mai shiru-shiru, kin san shi, ya daɗe yana murza hularsa.

"Sa'a, Yaya Talatu ce fa. Kuma kin ga abin da ya faru. Da saniya ta taka ta fa?"

"Ni ba 'ya'ya nake so a rage mini ba. Barci nake so."

"To ban sani ba," in ji shi. "In kafin kaka Iya ta ga kin dawo hayyacinki, wataƙila a sami bakin magana. Amma ni ba zan iya fara ta ba."

Daga ranar na fara kallon geron bayan gida kamar abokin gaba. Kullum yana ƙara tsawo, kullum kaka tana matsowa.

Adda Mairo ta mayar da gidanmu wajen yada zango, in ta dawo daga tallan nono sai ta shigo ta sha ruwa ta tambayi mai bin maraƙi. Wata rana na lura gaban rigarta ya jiƙe, na gane tana shayarwa. Na ce Adda, ke da kike takawa har Kibiya kullum, ina kike barin jaririn? Ta ce su biyar ne mata a rugarsu. Kullum ɗaya tana tsayawa da yaran duka, sauran huɗun su raba nonon shanunta a ƙorensu su tafi da shi. Gobe wata ce za ta tsaya.

"Mu ba ma kyautar da ɗa don gajiya," in ji ta. "Aro muke bayarwa. Da yamma kowa ta karɓi nata."

Ummi, ji na yi kamar an buɗe taga a kaina. Ko fita ba ta gama yi ba na ruga bayan ɗaki. Gidajenmu huɗu ne da suka haɗa baya, dangar kara ce kawai tsakani: namu, na Lami, na Rabi, da na Hansai. Shekara uku muna jin tarin juna da kukan yaran juna, amma sai biki ko suna muke haɗuwa, don kowa tana cikin gidanta. Na kafa baki a jikin danga na ƙwala wa Lami kira, na zazzage mata komai ban ko haɗiye yawu ba.

"Tsaya, tsaya," in ji Lami. "Kina nufin akwai ranar da zan shiga banɗaki babu wanda yake buga mini ƙofa? Rubuta sunana, da na kakata ma."

Rabi mai kunya ce, ta ce sai abin da maigidanta ya ce. Hansai ta ce in dai Lami ta shiga ta shiga. Mazan suka yi shawara a ƙofar masallaci, suka ce tunda ba titi za a fita ba, babu laifi. Babanku da kansa ya ɗauki lauje ya yanka mana kafa a dangar, daidai yadda mace za ta sunkuya ta wuce da goyo. Iya tana zaune a gindin darbejiya tana kallonsa.

"Mu da muka haifi takwas wa ya karɓe mu?" in ji ta. "Ku yi ta yi. Amma sharaɗina ɗaya, kada wadda ta kuskura ta bai wa ɗan wata nono. Kada ku haɗa mini 'yan'uwantakar da za ta hana aure nan gaba."

Muka fara yadda ake yi a ruga, ɗaya ta riƙe yara duka, uku su sami kansu. Yara goma ne in an haɗa. To a nan muka tafka kuskuren da ya kusa rusa komai. Matan ruga ai don su tafi talla suke barin yara, ba don su kwanta ba, mu kuma muka kwafo ba mu yi tunani ba. Ranar da aka karɓe ku, na tsaya a tsakar gida hannuna biyu babu kowa, na rasa yadda zan yi da su. In kwanta? Da hantsi? Iya tana gindin darbejiya? Kuma kin san a unguwarmu turmi shi ne mai ba da shaida. Ko da yake akwai injin niƙa, surfe da dakan fura da na yaji duk a gida ake yi, kuma ana jin kowace taɓarya ta danga. Duk gidan da ya yi shiru da hantsi an san raguwa ce a ciki. Sai na ɗauko geron kwana uku na surfe, na wanke har labulen ɗaki, na daka daddawa, na share rumbu. Can ina jin Hansai tana dum-dum, ita ma tana jin nawa, kowa tana tsoron ta riga yin shiru. Ranar da ya zagayo kaina kuma, yara goma a kaina ni kaɗai, wannan ya yi fitsari, wancan ya cinye ƙasa, 'yan biyu suna ihu. Kafin sati biyu duk mun fi da lalacewa. Rabi ta zo bakin kafa tana hawaye ta ce ita ta fita. Iya kuwa na ji tana gaya wa babanku a sayo miki sabon takalmi kafin tafiya Rano. A lokacin gero ya fara fitar da kai.

Washegari ranar Lami ce ta riƙon yara. Na miƙa ku, na dawo na ɗora surfe. Ban yi nisa ba sai ga ta ta sunkuyo ta kafa, Usaini a bayanta, ɗankwali a karkace.

"Ke Sa'a, wa ya mutu kike dakan sadaka? Tun safe dum-dum, dum-dum. Na karɓi 'ya'yanki ne don ki yi barci, ko don ki buɗe kamfanin surfe?"

"Lami, rufa mini asiri, Iya tana kallo."

Ta juya ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Iya. Aron taɓaryar gidan nan na zo."

"Taku fa?" in ji Iya.

"Tamu ta gaji, Iya, tun jiya take hamma."

Ta fizge taɓaryar daga hannuna, ta ɗauki ƙwaryar geron ma, ta tura ni ɗaki ta ja labule. Ina jin ta tana cewa in ta ji motsina sai ta dawo ta ɗauke turmin. Na kwanta ina cewa minti biyar zan yi don kada ta ji haushi. Sai kiran sallar azahar na ji. Ummi, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na fito na ga darbejiyar nan koriya shar, kamar ranar aka dasa ta. Na ji yunwa, wadda rabona da ji tun haihuwa. Da aka kawo mini 'yan biyu su sha, na kalli fuskar Hassan na ga ashe yana da ɗan tabo a bayan kunne, wata huɗu ban taɓa lura ba.

Da la'asar muka taru a bakin kafa, har Rabi, muka kifar da tsarin gaba ɗaya. Maimakon ɗaya ta riƙe uku su huta, sai uku su riƙe ɗaya ta kwanta, daga hantsi zuwa la'asar, kowa rana ɗaya cikin huɗu. Kuma muka kafa doka: duk wadda ta kawo yara ta kawo taɓaryarta da hatsin da za a surfa mata. Ba taɓarya, ba a karɓar yara. Masu shan nono a kai mata su da azahar su sha a dawo da su. Yanzu in gida ya yi shiru babu mai cewa raguwa ce, kowa ya san an ƙwace mata ne, ba laifinta ba ne. Kin ga dabarar? Ba barcin ne ya gagare mu ba, hujjar barcin ce ba mu da ita. Rabi ma sai da muka kama ta tana wanki a ɓoye, don wanki ba ya ƙara, Hansai ce ta hango shanya ta saman danga. Daga ranar aka ƙara bokiti a cikin doka.

Wata ɗaya na cika na dawo mutum. Miyata ta daina kashe baki, na fara yi muku waƙa, na yi kitso. Ita kuwa Iya, tun tana kallo daga gindin darbejiya sai ta fara jawo tabarmarta kusa da kafa, wai inuwar ta fi a can. Daga nan sai ta fara tambaya da safe, yau taɓaryar wa za a kama? Har ta zama ita ce mai ajiye su a bayan ƙofarta, kuma ko da kuka ba ta bayarwa sai an yi la'asar. Wata rana muna tsinkar gyaɗa ni da ita, ke kina barci a kan cinyarta, sai ta yi magana ba ta kalle ni ba.

"Talatu ma shekararta biyu aka ɗauke ta. Ƙanwar babansu ce ta riƙe ta a Rano. Ranar aurenta cikin 'yan biki na zauna, aka miƙo mini tuwo a kwanon baƙi."

Na tsaya da tsinkar ina jiran ta ƙarasa. Ta watsa gyaɗar a kwando.

"Amma magana na riga na bayar. Ba ni zan janye ba."

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, rumbu ya cika. Gwaggo ba ta aiko ba, sai kawai ta zo, kuma cikin ikon Allah ranar hutuna ta faɗo. Ina ɗaki ina barci, saboda haka abin da ya faru a tsakar gida Lami ce ta ba ni, don idonta yana jikin kafa tun da ta ji ƙarar babur. Ta ce Gwaggo ta shigo da leda a hannu, ta dubi gidan babu yaro ko ɗaya, turmi a kife.

"Ina mutanen gidan? Shiru kamar an yi ƙaura."

"Barci take," in ji Iya.

"Barci? Da rana tsaka? To ai gara da na zo."

Ta nufi ɗakina za ta ɗaga labule. Lami ta ce ba ta taɓa ganin Iya ta tashi da sauri haka ba.

"Talatu, kada ki tashe ta. Yau ranarta ce."

Ta kama hannunta ta sunkuyar da ita ta kafa, da mayafinta mai tsada da komai, ta kai ta gidan Hansai. Ta tarar da yara goma a kan tabarmi biyu, Rabi tana ba ƙanana koko da ludayi, Hansai tana yi wa wani wanka, Lami ta koma kan gerona tana surfe tana waƙa, ke kuma kina tsakiya kina raba wa yara ɓawon gyaɗa wai kina sayar da nono. Gwaggo ta zauna tana kallo har azahar. Da aka kawo mini 'yan biyu, Lami ta raɗa mini a kunne cewa mutanen Rano sun iso.

Na yi salla na fito na gaishe ta. Babanku ya dawo daga gona yana tsaye a bakin zaure. Gwaggo ta buɗe ledar ta fito da 'yar riga mai fulawa ja, ta kara a jikinki, ta yi miki cif.

"Sa'a, haɗa mata kayanta. Mai babur zai dawo bayan la'asar."

Iya ta kalli ƙasa. Babanku ya kalli ƙasa. Kowa yana jiran in ce ai taku ce. Da wata uku baya ne da na faɗa, don a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Amma ranar na yi barci na ƙoshi, kaina garau yake. Na matsa na durƙusa a gabanta, na jawo ki jikina, a gaban Iya, a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba.

"Yaya, ki yafe mini don Allah. Ina son 'yata. Zan iya riƙe ta yanzu."

Gwaggo ta riƙe baki.

"'Yar fari? A gabana? Iya, kina jin abin da yarinyar nan take faɗa?"

"Na ji," in ji Iya. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago ta kalle ta. "Abin da na kasa faɗa ne ranar da aka zo ɗaukarki."

Gwaggo ta tsaya tana kallon mahaifiyarta, ta daɗe, kamar ranar ta fara ganinta. Ta ninke rigar ta ajiye a kan tabarma, ta ja mayafi ta fita zaure ta jira mai babur a can. Abincin da aka zuba mata ko buɗewa ba ta yi ba. Da na ji babur ɗin ya tashi na leƙa, ita kaɗai ce a baya. Na shiga ɗaki da ke na rufe ƙofa na yi ta kiran sunanki na gaskiya, sunan mahaifiyata, kina ta dariya kin zaci wasa ne.

Ba zan ɓoye miki kuɗin da abin ya ci ba, ba na aljihu nake nufi ba. Shekara ɗaya da rabi Gwaggo ba ta taka gidanmu ba. Na gaishe ta a wajen wani biki a Rano ta kau da kai, mata suna nuna ni da baki, ga marar kunyar nan. Kuma tana da gaskiyarta. Mace ta jira shekara ashirin, ta share ɗaki, ta sayi 'yar katifa, ni na aike ta gida hannu rabbana. Har yau ina tuna yadda ta kara rigar nan a jikinki. Amma in aka mayar da ni ranar, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Sai da ƙaramar Sallar bara ta aiko babanku da saƙo, wai a ce wa marar kunyar nan ta ba ta aron 'yarta kwana uku. Kwana ukun nan da kike yi a Rano kina dawowa da lalle har gwiwar hannu, asalinsu ke nan. Kuma tun daga lokacin in ta zo, ɗakin Iya take kwana, su yi ta hira ƙasa-ƙasa.

Abin kuwa bai tsaya a dangarmu ba. Matan layin masallaci suka yanka tasu kafar. Wasu suka zo takanas daga Unguwar Gai a ranar wani suna suka ja ni gefe, wai in koya musu. Ƙanwata ta kai shi Yalwa. Malamar asibitin nan ta Kibiya, yanzu in ranar rigakafi ce sai ta ce Maman 'yan biyu, tashi ki gaya musu layin da ake bi. Ni kuwa abin nema ya samu, in miƙe a gaban mata cike da benci in ce: kada ku jira gida mai kujeru ja da shuɗi, ku leƙa bayan dangarku, akwai wata a can da take jijjiga buhun gero. Ku nemi uku. Ku nemi tsohuwa mai taurin kai ta riƙe muku doka. Kuma kada ku yarda da wadda ta ce za ta huta alhali taɓaryarta tana hannunta, ƙarya take, ku ƙwace. Adda Mairo da ta ji, dariya ta yi har ƙwaryarta ta kusa faɗuwa, ta ce su ma yanzu a ruga sun fara ware wadda za ta kwana da rana.

Yau ma ranata ce. Ku uku kuna gidan Lami, ina jin muryarki daga nan kina yi wa Usaini faɗa. Taɓaryata tana bayan ƙofar Iya, bokitina yana wajen Rabi. Satar hanya na yi na ɗauko littafin nan, kuma na ji Hansai tana ce wa Lami ta hango ni ta taga ina rubutu. Ga takun Lami nan ya nufo kafa. Na san biron ta zo ƙwacewa, bari in yi maza in kwanta.